A SA KUƊIN ZARE DA ALLURA GA YARAN DA KE HANNUN HUKUMA

Kowace shekara idan lokacin kasafin kuɗi ya kewayo, mukan ji an ware kaza domin ɗaga katangar gidajen yari, kaza domin motocin kai fursunoni kotu, kaza domin kayan sarki na gandirobobi. Ba mu ƙi ba, dukkansu abubuwa ne na bukata. Amma fa akwai wata bukata da ba a cika jin ta a bakin masu tsara kasafin nan ba, watau kuɗin da za a koya wa yaran da ke hannun hukuma wata fasaha da za ta ɗauke musu hankali yayin da suke tsare, ta kuma bi su gida ranar da aka sallame su. A kan wannan ne muke son mu jawo hankalin mahukunta a yau, kuma za mu ɗauki Keffi ta Jihar Nasarawa ta zama abin misalinmu.

Garin Keffi yana da gidajen yari biyu, tsoho da sabo. A watan Agusta na 2025 fursunoni 16 suka tsere daga sabon, bayan sun ji wa waɗansu ma'aikata rauni. Labarin ya karaɗe ƙasa, kuma maganar da ta biyo baya duk ta ƙofa ce da kwaɗo da ƙarin masu gadi. Haka al'adarmu take, ba ma tunawa da gidan yari sai ranar da wani ya haura katanga. Abin da mutum yake yi da wuninsa a bayan katangar nan, daga asuba zuwa magariba, wata da watanni, ba ya shiga jarida. Alhali kuwa can ne ake gyara mutum, can ne kuma ake ƙarasa lalata shi.

Bari mu ƙaddara wani yaro ɗan shekara 15 daga Gangaren Tudu, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Keffi, an kama shi da laifin fizge wayar wani a bakin kasuwa. Me doka ta ce a yi da shi? Dokar Haƙƙin Yara ta 2003, wadda Jihar Nasarawa ta karɓa ta mai da ita tata a 2005, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Ta ce kotun iyali ce za ta saurari maganarsa. Ta ba 'yan sanda da masu gabatar da ƙara ikon sasanta ƙananan laifuffuka ba tare da an kai ga shari'a ba, ta kuma ce tsare yaro shi ne matakin ƙarshe, kuma na ɗan gajeren lokaci. A takarda kam babu abin da ya rage. To, amma idan alƙali ya ga lalle sai an tsare shi, ina za a kai shi, kuma idan an kai shi me zai tarar a can?

Gidajen horon samari na Gwamnatin Tarayya, waɗanda ake kira Bostal, guda uku ne aka daɗe da sani: na Kakuri a Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, da na Ganmo a Ilori, da na Adigbe a Abeokuta. An yi su ne domin samari 'yan shekara 16 zuwa 21, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu a Jihar Nasarawa. Mafi kusa da Keffi shi ne na Kakuri, tafiyar sa'o'i, wadda ba kowace uwa ce za ta iya biyan kuɗin motarta ko da sau ɗaya a wata ba. Shi wannan suna na Bostal sunan wani ƙauye ne a Ingila, kusa da garin Rocesta, inda aka fara ware samari daga manyan fursunoni a 1902, watau shekarar da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni a nan Keffi. Su Turawan da suka ƙirƙiro tsarin sun soke shi da wata doka ta 1982, suka sake sabon fasali. Mu kuwa har yanzu muna riƙe da sunan, da gidaje ukun, ga ƙasar da jama'arta ta haura miliyan 200.

A 2019 aka yi dokar da ta sauya wa hukumar gidajen yari suna, ta koma Hukumar Gyaran Hali. Dokar nan ta hana a haɗa yara da manya wuri guda, ta kuma umarci a gina gidajen horon samari da na 'yan mata, kowane daban, a kowace jiha. Sa'an nan a watan Maris na 2023 aka yi wa Tsarin Mulki gyara, aka fitar da sha'anin gidajen yari daga jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke da iko a kansu, aka mai da shi cikin waɗanda jihohi ma za su iya yi wa doka. Dattawa za su tuna cewa kafin 1968 gidajen yari da yawa a Arewa na En'e ne, Yari ne mai kula da su. Ashe ke nan ƙaramar gwamnati ta taɓa riƙe wannan aiki, yanzu kuma doka ta sake buɗe ƙofa. Ma'anar wannan ita ce, babu sauran wani uzuri na a ce ai sha'anin Abuja ne. Lafiya na iya yi, idan ta so.

Inda hukuma ta bar giɓi kuwa wani ne zai cike shi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutane wajen 300, da yawansu yara, waɗansu da mari a ƙafa. Bayan 'yan makonni aka buɗe irinsa a Daura. Jama'a suka yi ta Allah wadai, kuma ya cancanta. Sai dai ya kamata a tuna cewa akasarin yaran nan iyayensu ne suka kai su da hannunsu, har suna biya, domin sun rasa inda za su kai ɗan da ya gagare su. Haka kuma ba mu manta da ranar 1 ga Nuwamba, 2024 ba, da aka gurfanar da yaran da aka kama a zanga-zangar watan Agusta gaban Babbar Kotun Tarayya a Abuja, waɗansu suka yanke jiki suka faɗi, har Shugaban Ƙasa ya ba da umarnin a sake su. Wata uku suka yi a tsare. A shekarun ƙuruciya wata uku zangon karatu ne guda.

To, me muke nufi da fasaha? Kada mai karatu ya zaci ana nufin a sayo ganguna a tara yara su wuni suna rawa. Muna nufin abin da kakanninmu suka sani, suka ci abinci da shi. Muna nufin ɗinkin hula, da aikin wuyan babbar riga irin su aska biyu da aska takwas. Muna nufin dukanci, da jima, da rini, da saƙa, da sassaƙa, da ginin tukwane, da zanen ƙwarya, da adon bango irin na magina Zazzau da Kano. Muna nufin kyakkyawan rubutu da zayyanar allo, wadda duk gardin da ya iya ta ba ya rasa abin sa wa a baka lokacin saukar karatu. Muna nufin rubutacciyar waƙa, da ƙagaggen labari, da wasan kwaikwayo. Ga kuma na zamani, kamar ɗaukar hoto, da haɗa sauti, da zane a kwamfuta, waɗanda masana'antar finafinan Hausa da masu buga allunan talla suke neman masu iya su kullum. Wanda duk ya ce waɗannan wasa ne, to, ya je ya tambayi kuɗin hular da aka yi mata aikin hannu.

Wani zai ce, ai a gidajen horo ana koyar da kafinta da walda da tela, me ya kawo zancen zane da waƙa? Sana'o'in nan suna da kyau, a ci gaba da su. Amma duk wanda ya taɓa zama da yaron da ya kangare ya san cewa rashin sana'a ba shi kaɗai ne ciwonsa ba. Yaro ne da bai taɓa fara wani abu ya kai shi ƙarshe ba. An kore shi daga makaranta, ko shi ya gudu. An kai shi koyon aiki ya yi mako biyu ya watsar. Abin da ya sani shi ne na yanzu-yanzu, ya fizga ya gudu, ya sha ya bugu. Hula guda kuwa takan ci kwanaki da yawa, wata ma makonni, kuma ba ta karɓar gaggawa. Idan ka karkace a layi ɗaya sai ka warware ka sake. Yaron da ya zauna ya gama hula ya koyi abin da bulala ba ta koyarwa, watau ya riƙe hannunsa da zuciyarsa a kan abu guda har ya kammala. Ranar da wani babba ya ɗauki hular nan ya jujjuya ta, ya tambayi wanda ya yi, wataƙila ita ce rana ta farko da aka ambaci sunan yaron nan ba domin laifi ba.

Waƙa da wasan kwaikwayo kuma nasu aikin daban ne. Yawancin yaran nan cikinsu cike yake da magana, ta uban da ya saki uwa, ta kishiyar uwa, ta dukan da aka sha a hannun manya, ta yunwa, amma ba su da bakin faɗinta, sai ta fito ta hanyar wuƙa ko kwalba. Mai hikimar koyarwa yakan ba su takarda da alƙalami, ko ya ce su tsara wasa. A cikin wasa za a sa wanda ya yi ƙwace ya fito a matsayin wanda aka yi wa ƙwacen, ya tsaya gaban 'yan'uwansa ya faɗi yadda ya ji da aka raba shi da jarinsa. Wa'azi na awa guda bai kai wannan shiga jiki ba. Marigayi Malam Aminu Kano ya san haka tun yana malamin makaranta, shi ya sa ya riƙa rubuta wasanni yana sa ɗalibai su yi, domin ya faɗi abin da ba ya faɗuwa kai tsaye. Bugu da ƙari, yaron da ke son ya rubuta waƙarsa da hannunsa zai nemi ya iya baƙi da wasali da kansa, ba sai an tilasta masa ba.

Wannan ba ra'ayinmu ba ne mu kaɗai. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 1990 domin kare yaran da ke tsare, waɗanda aka fi sani da sunan birnin Habana, sun tanadi a ba kowane yaro lokacin hutu kullum, a kuma sa wani sashe nasa a koyon fasaha da sana'ar hannu idan yaron yana so. A Ingila kuwa, wani marubuci mai suna Arthur Koestler, wanda ya ɗanɗani zaman kurkuku a Sifen a 1937 yana jiran a kashe shi, ya kafa gasar fasaha ta fursunoni a 1962, shekarar da aka buɗe Kakuri. Har yau gasar tana nan. Duk shekara dubban zane-zane da rubuce-rubuce da waƙoƙi suna zuwa daga gidajen yari da gidajen tsare yara, masana su duba, a ba da kyauta, a baje kolinsu a Landan jama'a su shiga su gani. Idan an sayar da aiki, mai shi yana da kasonsa, wani kason kuma ya tafi ga ƙungiyar da ke taimakon waɗanda aka zalunta. Wannan na ƙarshen ya dace a kwaikwaya, domin yana tuna wa yaro cewa akwai wanda ya cuta.

Ba sai mun ƙetare teku ba ma. A farkon shekarun 1950 hukuma ta kafa wurin koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wadda yau ake kira Suleja, a ƙarƙashin wani Bature, Michael Cardew. A 1954 aka ɗauki wata Bagwariya daga ƙauyen Kwali, wadda ba ta yi karatun boko ba. Ita ce Ladi Kwali. Tukwanenta sun kai Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar Naira 20. Ladi Kwali ba mai laifi ba ce, kada a yi mana mummunar fahimta. Abin lura shi ne, da ma tana da baiwarta, abin da hukuma ta sa kawai shi ne rumfa da murhu da malami da albashi. Wa ya san irin hannun da ke zaune a banza yau a ɗakin jiran shari'a?

Yanzu bari mu juya ga masu suka, domin maganarsu tana da nauyi. Na farko su ne masu cewa a ciyar da su tukuna. Gaskiya ne. A 2024 ne aka ƙara kuɗin abincin fursuna daga Naira 750 zuwa Naira 1,125 a rana, kuma duk mai zuwa kasuwa ya san abin da wannan zai saya. Yaro mai jin yunwa ba ya riƙe allura. Amma kuɗin zare ba daga tukunya za a ciro shi ba, kuma idan aka ce sai ranar da abinci ya wadata sa'an nan za a koyar da wani abu, to, yaran da ke ciki yanzu za su tsufa ba su gani ba.

Na biyu sun fi zafi. Suna cewa, ga ɗan talaka a Gangaren Tudu da bai taɓa ɗaukar kayan kowa ba, makarantarsu ba ta da ko fensirin zane, sai a ɗauki kuɗin jama'a a kashe wa ɓarawo? Wannan tambaya ce ta adalci, kuma ba za mu kauce mata ba. Amsa ta farko ita ce, da yawan waɗanda ke tsare ba a tabbatar musu da laifi ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mazauna gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi. Amsa ta biyu, yaron nan zai fito, ko mun so ko mun ƙi, kuma unguwarsu zai koma, ya zauna a dakali ɗaya da ɗan kirkin nan. Abin da ya koyo a ciki shi zai koya wa na waje. Idan manyan ɓarayi ne malamansa, an san darasin. Saboda haka mutumin da kuɗin nan zai fi karewa shi ne mai shagon da ke bakin layi da mai ɗan kirkin. Amsa ta uku kuwa ita ce a buɗe wurin koyon ga duka biyu. Idan an kafa rumfar sana'a a Keffi, yaran da kotu ko 'yan sanda suka turo a maimakon tsarewa su zo, yaran unguwa ma su zo. Yin haka zai rage tambarin da ake manna wa yaro cewa shi ɗan gidan kangararru ne.

Saura maganar inda kuɗin zai fito, da yadda za a hana shi zurarewa, wadda ita ce ta fi damunmu. Mun saba da yadda ake yi. A ba ɗan kwangila aikin sayo kekunan ɗinki da kayan kiɗa, a kafa rumfuna, a kira 'yan jarida, manya su yanke ƙyalle a tafa. Bayan wata shida kayan suna cikin sito a kulle, domin ba a tanadi albashin mai koyarwa ba, ba a tanadi zare ba. Lalle ne a juya tsarin. Mafi yawan kuɗin ya tafi ga mutane, watau a ɗauki masu sana'a na gari, baduku da maɗinki da marini da mai zayyana, a riƙa biyansu duk wata bisa ga kwanakin da suka zo da yawan yaran da suka koyar. Kayan aikin waɗannan sana'o'i ba su da tsada. Amfanin ɗaukar na gari kuma shi ne, ranar da aka sallami yaro ya riga ya sami ubangida, ya san rumfar da zai je da safe. Yawancin masu komawa ruwa a makonnin farko suke komawa, lokacin da gida ke ƙyamarsu, tsofaffin abokai kuma suna maraba da su.

Kuɗin ya zama yana da layinsa na kansa a kasafin jiha, da sunansa, domin abin da aka cusa cikin "sauran ayyuka" ba a iya bin sawunsa. Ma'aikatar da ke kula da jin daɗin jama'a da mai kula da al'adu su haɗa hannu, maimakon kowace ta ce aikin ɗaya ne. Ƙananan hukumomi ma suna da rabo, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yuli na 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. A Tarayya kuma an kafa ma'aikata ta musamman domin fasaha da al'adu a 2023, ya kamata ta san cewa aikinta bai tsaya ga bukukuwa da manyan mawaƙa ba. Keffi tana da wata dama da garuruwa da yawa ba su da ita: Jami'ar Jihar Nasarawa tana cikinta, da sashen koyar da wasan kwaikwayo da al'adu. Ɗaliban da ke neman inda za su gwada abin da suka karanta, ga wuri nan a bayan gidansu. Attajiran gari masu neman inda za su yi sadaka mai gudana su ma ga ƙofa.

Sharaɗi biyu ne ba za a yi sassauci a kansu ba. Kada a mai da yaran nan leburorin wani. Duk abin da yaro ya yi aka sayar, a rubuta, a ajiye masa kasonsa a asusu da sunansa, a damƙa masa ranar fita ya zama jarinsa. Na biyu kuma, kada a tilasta. Wanda ba ya son kiɗa, ko iyayensa ba sa so, ga rubutu ga dukanci.

'Yan mata fa? Su ne aka fi mantawa da su, domin ba su da yawa, kuma gidajen Bostal ɗin nan domin maza aka gina su. Duk tsarin da za a yi a sa su a ciki tun daga farko, da mata masu koyarwa.

Keffi tana da wakilai biyu a Majalisar Dokokin Jiha mai kujeru 24, Gangaren Tudu kuma tana da kansilanta. Muna kira gare su, idan kasafi na gaba ya zo gabansu, su buɗe shi su nemi wannan layi, idan babu su nemi a sa. Bayan shekara guda kuma a shirya baje koli a cikin gari, a gayyaci Mai Martaba Sarkin Keffi da alƙalai da iyayen yara, a shimfiɗa huluna da jakunkuna da alluna, a karanta wa jama'a yawan yaran da aka koyar, da yawan masu sana'ar da aka biya, da abin da aka kashe.